Inda Zan Ajiye Harawa

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin kimiyyar bayanai, aikin da na ɗauko shi ne tsara wa kwamfuta ilimin noman yankinmu: kowane abu da ajinsa, da abin da ke samansa, da dangantakarsa da sauran, ta yadda na'ura za ta gane da kanta cewa maiwa dangin gero ce. Hatsi bai ba ni wahala ba. Harawa ce ta hana ni zama.

Mahaifina manomi ne a Kiyako. Da na tambaye shi, ya ce harawa ai ragowar wake ce, abin da ya saura bayan an gama roro. Na sa ta ƙarƙashin wake. Daga baya na shiga mota zuwa Gwaram wurin kawuna, wanda kiwon shanu ne rayuwarsa. Shi kuwa ya ce wa ya gaya mini ragowa ce? Akwai waken da don ganyensa kawai yake shukawa.

Na dawo na sa ta ƙarƙashin abincin dabbobi ma. Sai manhajar ta nuna saɓani, domin tun farko na gaya mata amfanin gona daban, abincin dabba daban, ba sa haɗuwa. Na goge, na sake, na kuma gogewa. Tuwo ma a tsaye nake ci. Inna har tambayata ta yi ko ƙaya ce a tabarmarta. Na yi ta sintiri tsakanin garuruwan biyu, direbobin tasha suka daina tambayata inda za ni.

A wani taron suna a Birnin Kudu Baba da Kawu suka haɗu, na jefa musu maganar.

"Ka dai ce wakenka ba ya 'ya'ya," in ji Baba.

"Da rani wurin wa kake zuwa neman ta?" Kawu ya mayar masa.

Aka yi dariya, suka ci gaba da musu. Ina sauraro na lura babu wanda ya musa daga ina take fitowa. Amfaninta suke ja a kai. Ban jira shinkafa ba, na hau acaɓa zuwa gida. Na cire dokar da ta raba azuzuwan, na bar harawa a matsayin sashen wake, na ɗaura mata dangantakar ciyarwa zuwa dabbobi. Saɓanin ya ɓace.

Malamin da ke duba aikina ya amince. Sannan ya ɗago kai ya tambaye ni ina na ajiye karan dawa, wanda ake darni da shi, a yi girki da shi, shanu kuma su ci. Ban ko zauna ba na yi masa sallama.