Malam Muntari Bai Taɓa Goge Kaset Ba

Kafin bakwai na safe, lokacin da ma'aikata ke tururuwa zuwa ƙofofin kamfanonin Bompai, tireloli na ta feso hayaƙi a hanya, Malam Muntari ya riga ya kafe babur ɗinsa a bayan wani tsohon sito, ya buɗe shago. Ba kwamfuta yake fara kunnawa ba. Tsumma yake ɗauka ya bi kantoci ɗaya bayan ɗaya yana share kaset-kaset ɗin bidiyo da suka cika bango uku, tun daga ƙasa har rufi. Ladidi mai abinci, wadda rumfarta ke jikin shagon, ta ce ba ta taɓa ganin ya tsallake safiya ɗaya ba. "Wallahi ko angon sati ɗaya ba ya lallaɓa amarya haka," in ji ta.

Sana'arsa tace hoton bidiyo. A kawo masa hoton biki na awa biyar, sai girgiza yake yi, rabinsa ƙeyar mutane ce, ya zauna ya zaɓa, ya yanke, ya jera, ya fitar da awa ɗaya da za a kalla ba a yi hamma ba. Ya fara da na'urar bidiyo biyu da ƙaramin talabijin, ya zo zamanin kwamfuta da faifai. Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma duk gidan da aikinsa ya shiga a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ba wanda ya san fuskarsa. A ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, don ido ya fara yi masa gardama.

Ba shi da sauƙi, a faɗi gaskiya. Samari da 'yan matan da ke zuwa koyo, masu ɗokin kai hotonsu shagon kafe su ɗora a intanet, sun sha ɗanɗana bakinsa. Ɗaya zai ce, "Malam, a sa masa waƙa, a sa furanni suna juyawa." Sai ya sauke tabarau ya dube shi. "Furannin ne za su ba da labarin? Wa ke cikin hoton nan? Me yake nema? Ya samu ko bai samu ba? Ba ka sani ba ko? To koma ka sake kalla." Dokarsa ce, ba a yanka sai an kalli komai sau biyu, daga farko har ƙarshe.

Amma abin da abokan sana'a suka fi yi masa dariya a kai daban ne. Al'adar aikin ita ce, da an miƙa wa mai biki kayansa, sai a mayar da kaset ɗin asali cikin kyamara a ɗora wani bikin a kansa. Kaset ɗaya sai ya ci biki biyar. Muntari bai taɓa goge ko ɗaya ba. Bai tsaya nan ba, yana da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta inda yake rubuta duk abin da ya yanke: tsohuwa mai rawa a bayan rumfa, minti na ashirin, direba yana barci a kan kujerar babban baƙo. Mai gadin shara, haka suke kiransa. Shi kuwa ko a jikinsa.

A daminar shekarar 2008 wata mata mai suna Saratu ta zo daga Challawa tare da 'yarta Tabita, riƙe da tsohon kaset a leda. Mijinta, Irmiya, lebura ne a wani kamfanin jimar fata da aka daɗe da rufewa. Ya rasu Tabita na da shekara biyar. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin shiga kamfani, shi ma yoyon ɗaki ya cinye rabinsa.

"Malam, sannunku da aiki," Saratu ta ce. "A 1992 kamfani ya yi bikin karrama tsofaffin ma'aikata. Ranar maigidana ya dawo yana ta murna wai an ɗauke shi a bidiyo. Da ƙyar muka samo wannan wurin tsohon shugabansu. Mun kalla sau uku, manya ne kawai ke jawabi. Sai muka ga tambarin shagonku a jiki."

Tabita ce ta ƙarasa, kanta a ƙasa. "Baba, saura kwana tara aurena. Ban san muryar mahaifina ba. Mama ma ta ce ta fara manta ta."

Muntari ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya gane shi. Shi ya riƙe kyamara a ranar, shi ya tace. An ce masa a bar jawabai da miƙa kyaututtuka, a cire sauran, ya cire. Ya tashi ya zaro littafin shekarar, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya tsaya a wani layi ya karanta a bayyane: "Gwajin sauti. Wani dogo mai wushirya, ɗauke da benci. Bai cika minti ɗaya ba. An cire."

Saratu ta dafe ƙirji. "Shi ne! Wallahi shi ne!" Tabita ta ɗago da sauri, baki buɗe, sai ga wushiryar a bakinta.

Kaset ɗin asali yana nan a kanta ta sama, amma da ya buɗe shi sai murna ta koma ciki. Shekara goma sha shida na damina sun shiga inda tsumma ba ya kaiwa, fumfuna ta yi fari fat a kan zaren. Bai ɓoye musu ba. "Maman Tabita, zan share shi da hannu. Amma zaren ya ruɓe. In Allah ya taimaka zai bi ta cikin na'ura sau ɗaya. Sau biyu kam, ban yi alkawari ba."

Kwana uku ya rufe ƙofa ga kowane aiki. Ladidi ta ce tana leƙowa ta gan shi sunkuye, biro a ramin kaset yana murzawa a hankali, auduga a ɗaya hannun, taƙi bayan taƙi, idonsa yana ta zubar da ruwa. Abincin da ta ajiye masa har ya huce bai taɓa ba, ta yi ta mita.

Rana ta huɗu da hantsi ya aika aka kira su. Suka zo har da Joshuwa, angon Tabita. Mutumin da ba ya taɓa hoto sai ya kalla sau biyu, ranar bai yarda ya leƙa ko sau ɗaya ba. Ya jona na'ura da kwamfuta don ta kwafe duk abin da ya fito. Akwai wutar gari, amma ya tada janareta, don wutar gari ba ta sallama in za ta tafi. "Ku matso kusa," ya ce. "In ya tsinke, aƙalla idonku ya gani." Ya yi bismillah, Saratu ta runtse ido tana addu'a, ya danna.

Layuka suka yi ta gudu a allo. Can hoto ya tsaya: rumfa, kujeru ba kowa, manya ba su iso ba. Aka ji muryar Muntari ta ƙuruciya daga bayan kyamara: "Mai benci, don Allah ɗan tsaya ka yi magana, sauti muke gwadawa."

Dogon mutumin ya sauke benci, ya goge hannu a rigar aiki, ya yi dariya. "Ni? Ba manya ake ɗauka ba? Me zan ce?"

"Faɗi komai."

Ya ɗan sosa kai, sannan ya matso har fuskarsa ta cika allo. "To. Tabita! Ga Baba a talabijin. Ki ci abincinki, ki bar wahalar da Mama. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba," Tabita ta ce, ba ta ma san ta faɗa ba.

Irmiya ya saɓa bencinsa ya wuce, na'ura ta yi ƙara, zaren ya tsinke. Muntari ya duba kwamfuta. Daƙiƙa hamsin da biyu, duk sun shiga. Saratu ta zauna a ƙasa ta yi kuka har ta gode Allah.

Da hankali ya dawo, Joshuwa ya ce, "Baba, ko za a ɗan ɗora masa waƙa mai taushi, tunda a bikin sallamar amarya za a nuna?" Muntari ya girgiza kai. "Ɗana, ba abin da zan ɗora. Sau ɗaya na yanke mutumin nan, ba zan kuma rufe masa baki ba." Haka aka nuna shi a harabar coci, tsofaffin abokan aikinsa suna ihu, "Irmiya ke nan! Dariyarsa ce!"

Malam Muntari, kai ne ka gane cewa mai ɗaukar benci ma yana cikin biki. Kai ne ka sha dariyar abokan sana'a shekara da shekaru, don ranar da ba ka san za ta zo ba. Aka ce ka cire, ka cire, amma ba ka zubar ba. Mai gadin shara, in ji su. To ga abin da ke cikin sharar, mun gani da idonmu, kuma mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka lafiya.

Ku kuma masu tasowa, da kyamara ta shigo muku har cikin waya, ku koyi wannan kafin ku koyi furanni. Ku kalla sau biyu. Ku dubi gefen hoto, inda ba manya. Kafin ku goge, ku tuna wani yana iya zuwa nema. Littattafan Malam goma sha bakwai suna nan a shagon, ya ce ko ya daina tacewa zai riƙa zuwa da tsummansa kowace safiya. Duk wanda nasa ya taɓa aiki a kamfanonin nan, ya je ya duba.

Ladidi ce ta cika mana labarin. Ta ce da suka fito daga shagon ranar, ta zuba wa Tabita shinkafa da wake, yarinyar ta ce ba ta jin yunwa. Saratu kallonta kawai ta yi. Tabita ta ja kwano, ta zauna a benci, ta cinye tas.