Ramukan Malam Sajo

Idan aka idar da sallar asuba a Gagarawa, mai gona ya nufi gona, mai haya ya nufi tasha. Malam Sajo Cindo kuwa gindin aduwar ƙofar gidansa yake zuwa. Ya share wurin, ya durƙusa, ya tona ƙananan ramuka layi-layi da yatsa, ya kwance ƙullin ƙwallayen aduwa. Yana nan har ƙarfe bakwai, sannan ya kakkaɓe gwiwa ya hau keke zuwa sakandaren da ya koyar da lissafi shekara talatin da biyar. Haka yake yi har watan jiya da ya yi ritaya.

Dokar ramukan mai sauƙi ce. Rami ko dai da ƙwallo ɗaya, ko ba kome. In ƙwallo ya faɗa kan ƙwallo, sai a kwashe duka biyun, domin a wannan lissafi ɗaya da ɗaya sifiri ne. A wani tsohon littafi ya karanta cewa da irin wannan lissafi na'urori ke gyara saƙon da ya lalace a hanya, kuma wahalarsa tana wajen ninka jadawali da jadawali, wato jerin layukan lambobi da wani jerin, don in layuka suka yi yawa, tarawa ba ta ƙarewa. Sai tambaya ta kama shi: yaya za a rage aikin? Ba shi da kwamfuta, takarda kuma ƙarewa take yi. Ƙasa ba ta ƙarewa.

Shekara shida ya yi kafin ya ga hanya. Ya ɗauki layukan jadawali na biyu huɗu-huɗu. Layi huɗu, haɗi goma sha shida kawai za su iya bayarwa. Sai ya shirya dukansu sau ɗaya, ya jera su yadda kowane haɗi ke fitowa daga na bayansa da tarawa ɗaya tak. Daga nan ba sauran maimaici: ka dubi ramuka huɗu na jadawalin farko, ka miƙa hannu ka ɗauko amsar da ta dace a shirye.

To, amma mutanen gari abin da suka gani daban. Mutum a durƙushe da sassafe, yana zana ƙasa, yana ƙirga guda da biyu, gidaje goma sha shida! Ai wannan kowa ya san sunansa. Ran nan wani makiyayi, Dalhatu, ya zo daga wajen Sule Tankarkar ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, karsanata ce ta ɓace, yau kwana uku. A buga mini ƙasa."

"Ɗan'uwa, ni lissafi nake yi."

"Eh, shi ɗin. A lissafa mini gabas ta yi ko arewa."

"Wallahi ban sani ba. Ka je Maigatari ranar kasuwa ka duba kara."

Ƙaddara ta sa ya tarar da ita a can. Shi ke nan, suna ya bi Malam Sajo: mai duba. Liman Abdulbaqi ya yi masa nasiha sau biyu, a na uku ya ambaci masu bugun ƙasa a wa'azi, ido ya koma sahu na biyu, inda Malam Sajo ke zaune. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin yamma da yake bayarwa kyauta. Matarsa ta roƙe shi ya cike ramukan. Ya ce, "In na cike, na yarda ke nan duba nake yi." Ya ci gaba, shekara goma sha huɗu, ba shi da shaida ko ɗaya da zai nuna, shi kansa bai tabbatar ko abin zai amfani kowa ba.

Malam, kai ne mai haƙurin da ba mu gane ba. Mun wuce ka da safe mun rage sallama, ka amsa mana cikakkiya.

Shaidar ta zo ta hannun Haulatu, tsohuwar ɗalibarsa, injiniya yanzu. Tana haɗa wasu ƙananan na'urori da ake maƙalawa a rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan bakin iyaka, su aiko da saƙo in famfo ya tsaya, don kada mata da makiyaya su yi tattaki a banza. Sabis ɗin waya a can rauni gare shi, dole a shirya saƙon yadda in ya lalace za a iya gyara shi, lissafin kuma yana cinye batir. Ta tuna ramukan. Ta zo ta zauna kan tabarma kwana biyu tana kwafa, ta koma ta sa wa na'urar.

A walimar ritayarsa ta miƙe a gaban jama'a, da na'urar a hannu.

"Malam, aikin tarawa ya ragu kusan rabi. Rijiya goma sha ɗaya ke aiki da ramukanka yanzu." Ta sauke na'urar. "Amma akwai abin da dole in faɗa maka. Na bincika. Masana a wata ƙasa sun rubuta irin wannan hanya tun kafin a haife ni."

Shekara ashirin, ashe an riga shi. Muka sunkuyar da kai don kada mu ga fuskarsa.

"'Yar nan, su ma rukuni-rukuni suke ɗaukan layukan?"

"Haka suke yi, Malam."

"Har da jerin nan na tarawa ɗaya?"

"Har da shi. Wannan ma daga baya aka ƙara."

Sai ya yi dariya, irin wadda ba mu taɓa ji daga gare shi ba. "Alhamdu lillahi! Ashe ban ɓata hanya ba. Ashe ina da abokai, ban sani ba."

Liman Abdulbaqi, da ya tsufa har sai an kama shi, ya ce a tashe shi tsaye. Ya ce, "Sajo, a gaban mutane na zarge ka, a gabansu zan nemi gafara. Ka yafe mini."

"Allah gafarta Malam, ai tsoron Allah ne ya sa ka. Na yafe tun a sahu na biyu."

Malam Sajo, kai kaɗai, ba kwamfuta, ba abokin shawara, ka isa inda manyan masana suka isa, ka kuma ɗauki zargi a kai ba ka rama ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ga ɗaliban ɗalibanka. Matasanmu kuma su ɗauki tambaya ɗaya su riƙe ta kamar yadda ka riƙe taka. Mu sauran, in mun ga mutum a kan aikin da ba mu gane ba, mu zauna mu tambaye shi. Liman ya samu damar neman gafara da rai; ba kowa ke samu ba.