Mamaci Ya Yi Odar Atamfa

Jama'a, yau mamaci ya yi odar atamfa a sitonmu na Bompai!

Tun da aka kawo mana kwamfuta, kaya ba ya fita sai ta buga takarda. Da hantsi sai ga wani direba da babbar mota, ya miƙo mini takardar: dila arba'in, a loda wa Alhaji Sabo na kasuwar Kwari.

Na sake duba sunan. Alhaji Sabon da aka yi jana'izarsa da ni bara!

Na ce, "Ba zan buɗe sito ba."

Direba ya hau faɗa, ya kirawo manaja. Manaja ya zo yana huci.

"Malam Iliya, kwamfuta ce ta fitar da odar nan. Kai wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ta je maƙabarta? Ni na je."

"Ka buɗe ko ka bar aiki yau!"

Na zura makulli a aljihu, na zauna bakin ƙofa. Na ce, "Ku buga waya gidan Alhaji Sabon. In ya ɗauka, da kaina zan yi dakon kayan."

Manaja ya shiga ofis ya buga. Babban ɗan marigayin ya ce ba su san da wata oda ba. Kafin manaja ya fito, direba ya fizgi mota, saura kaɗan ya take maigadi!

Aka ce a kira Garba, mai shigar da oda a kwamfutar. Wai ya tafi alwala tun ɗazu. Har muka tashi aiki, hularsa tana nan kan tebur.