Lofen da Umma Ta Wanke

Yayana bai taɓa shan taba ba. Ko hayaƙin shisha ne ya ratsa layinmu a unguwar Sa'alaba ta Jidda, sai ya yi tarin da za a ji a Bab Makka. Duk da haka, ban san wanda lofe ya cinye wa rayuwa kamarsa ba.

Kafinta ne a Sharafiyya, a shagon kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardu. A Jidda aka haife mu, a nan aka binne kakanmu, amma iƙama, takardar zaman baƙi, muke sabuntawa kamar jiya muka sauko daga jirgin alhazai. Wata rana wani Bature ɗan Danmak, injiniya a tashar jiragen ruwa, ya zo a yi masa kanta. Ja ne jawur kamar tumatirin da aka manta a rana. Yana cikin jira ya zaro lofensa, aikin hannu na ƙasarsu. Yaya ya ajiye zarto ya ƙura wa abin ido, irin kallon da ko matarsa ba ta samu ba ranar buɗar kai.

Baturen ya koyi sassaƙa lofe wurin wani tsoho a garinsu, sai ya shiga koya wa Yaya kowace Juma'a bayan la'asar. Ni ma na haddace karatun, don ko tuwo Yaya ba ya ci sai da shi. Itacen lofe saiwa ce mai tauri da ake haƙowa a duwatsu, a tafasa ta, a shanya ta shekara da shekaru. Mutanen Danmak jijiyar itacen suke bi su fitar da siffa tukuna, sannan su huda. Ramin taba da ramin hayaƙi kuwa dole su haɗu daidai a gindi. Ka kauce kaɗan, ka yi wa yara abin wasa.

Guntaye uku Baturen ya ba shi. Na farko tsakuwa ta fito a cikinsa. Na biyu Yaya ya huda shi har ya leƙo Sudan. Na uku ya fito. Ni da ba na yabon kowa sai mai tsire, sai da na yaba da na gan shi: jijiyoyin sun miƙe tsaye kamar harshen wuta, ya sha samfefa da kaki har kana ganin haƙoranka.

Baturen ya ce kwangilarsa ta ƙare, zai tafi da lofen ya nuna wa tsohon. Idan ya yi masa, zai aiko a ɗauki Yaya almajirin sana'a, da takardu da komai. Ban da kafili, ban da layin jawazat, ofishin shige da fice. Na fara kiran Yaya Alhajin Ƙanƙara.

Ranar da za a kai lofen, Yaya ya bar shi a ɗakin Umma ya tafi aski. A gidanmu ba abin da ke tafiya mai nisa Umma ba ta yi masa addu'a ba; ko akwati ne sai ya sha zamzam da turare. Balle wannan, abin taba, kuma a kansa ɗanta zai ƙetare teku. Ta jiƙa shi a kwanon zamzam ya sha ya ƙoshi, ta ɗura masa man turaren udu ta baki da hanci, ta kai shi kan soro cikin rana ya bushe. Ranar Jidda kuwa, ko ƙarfe ka ajiye sai ya roƙe ka inuwa.

Da Yaya ya dawo, wuyan lofen ya tsage, yana ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Umma ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, na tsarkake maka shi. Yanzu ko a hannun wa ya faɗa, da albarka."

Yaya ya daɗe yana juya shi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Umma."

Na raka shi wurin Baturen. A hanya na ce, "Yaya, ka ce masa sabon samfuri ne, lofen Harami." Bai ko dube ni ba. Baturen ya shinshina, ya bi tsagar da farce, ya ce itacen ba ya sakin ƙamshin da ya sha, tsagar kuma ba ta ɗinkuwa. Ya yi alkawarin aiko da wasu guntaye. Halas, shi ke nan. Har yau suna hanya. Ina jin a jaki aka ɗoro su.

Yanzu Yaya ƙofofin kicin yake yi wa ɗan wancan kafilin, gemunsa ya yi fari. Ya hana kowa gaya wa Umma. Ita a saninta, Turawa ne suka yi masa hassada.

Lofen yana cikin kabad ɗinta, tsakanin finjalan gahawa. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ciro shi ta ce, "Aikin wannan ne. Shinshina ki ji, har yanzu bai saki ba." In Yaya na ɗakin, sai ya tashi ya ce zai duba ko an kawo ruwa a famfo.