Kujerar Bayan Matuƙi

A gidanmu na unguwar Utaibiyya, cikin Makka, ba a ajiye takardar tafiya. Babanmu da ƙafa ya zo Makka daga ƙasar Kano, ta Chadi da Sudan, kuma yana gama aikin Hajji ya cusa takardar da aka ba shi a bakin teku cikin murhun shayi. Dattawan unguwarmu da yawa haka suka yi. A ganinsu, idan Hajji ya watse aka fara tattara baƙi, takarda ce ke gaya wa askarawa jirgin ruwan da za su saka ka. Wanda ba shi da ita ba a san inda za a mayar da shi ba, sai a gaji a ƙyale shi. Ni a nan aka haife ni, kuma har na yi gemu ban taɓa jin ina bukatar wata shaida ba. Larabcin bakina ya ishe ni.

Ana nan sai ga ɗan baffana ya iso cikin alhazan Sudan, da faso a dunduniya da idanu zuru-zuru. Na girme shi da ɗan dama, don haka Yaya yake ce mini. Mota in ta yi oda sai ya faɗa shagon mutane. Bayan Arfa babanmu ya nuna masa murhu, ya ce ya yi abin da magabata suka yi. Ya durƙusa ya ce, “To, Baffa.” Washegari ya kai takardar wurin baduku aka ɗinke masa ita cikin fata kamar laya, ya rataya a hammata. Mun yi masa dariya har muka gaji. Ni ne ma kan gaba, nakan tambaye shi ko maganin kunama ce.

A lokacin ina aikin gahawa a gidan wani attajiri mai kwangilar hanyoyi. Ba yabon kai ba, duk wanda ya sha gahawata sai ya tambayi wanda ya dafa. Ni na roƙa wa ɗan baffana aiki a gidan, aka ɗauke shi wankin kofuna da ɗiban ruwa. Har yau ina tuna cewa da bakina na roƙa.

Maigida ya sayi ƙaramin jirgin sama don zirga-zirgarsa zuwa Sudan da Masar, ya ɗauko matuƙi, wani dogon Bature da rana ta mayar ja wur. Da yake ba Musulmi ba ne, ba ya shiga Makka. A hanyar Jidda akwai shingen askarawa, daga nan wanda ba Musulmi ba yake juyawa, kuma gab da shingen akwai wata rumfar shayi. Nan yake jira idan Maigida yana da saƙo, ni kuma a aike ni tare da direba. Ina jin daɗin wannan aike. Ga mutumin da ke tsallake teku tsakanin hantsi da azahar, amma sanda guda da aka gitta a hanya ta tsayar da shi, ni kuwa in ɗaga wa askar hannu in wuce abina.

Nakan tafi masa da gahawa a buta, shi kuma ya biya ni da labari cikin gurgun Larabcinsa. Ya ce daga sama teku ba launi ɗaya ba ne, kusa da gaɓa kore ne shar, kana hango duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Ya ce ayarin raƙuma kamar zare yake a kan yashi. Ni da iyakata Jidda da Ɗa'ifa, sai in koma gida ina ta juya maganar a raina, har in ƙona gahawa.

Wata rana ya ajiye kofi ya ce Maigida yana ƙorafi, duk inda suka sauka ba ya samun gahawa irin ta gida. Yana son mai dafa masa ya riƙa bin su, kuma akwai kujera a bayan ta matuƙi, dab da taga.

“Kai ne,” in ji shi, ya nuna ni da yatsa. “Jawaz fi? Kana da fasfo?”

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Wallahi haka na ɗauka.

Na sa farar riga na tafi ofishin fasfo a Jidda. Ma'aikacin ya tambaye ni ni ɗan ina ne, na ce ɗan Makka, har da ɗaga kafaɗa. Ya ce madalla, ina takardar zama ɗan ƙasa? Na ce ba ni da ita. Ya ce to in kawo takardar da babana ya shigo da ita, daga nan ake farawa. Bai yi mini tsawa ba, bai wulaƙanta ni ba, ya dai kira na bayana. Na wuce ofishin jakadan Turawan da ke mulkin ƙasar babanmu, na ce to ku ba ni naku. Wani magatakarda mai jin Hausa ya saurare ni tsaf, sa'annan ya tambayi shaidar cewa babana daga can ya fito. Na ce ya ji Hausar bakina mana. Ya yi murmushi ya ce Hausa ba ta ɗaukar hatimi.

Na dawo gida na tarar da babanmu a ƙofar ɗaki yana jan carbi.

“Baba, da ka bar takardar nan ko a ƙarƙashin tabarma ne.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Mutane na sayar da gona da shanu don su zo nan su mutu. Kai an haife ka a ciki kyauta, kana neman ƙofar fita? Me ka ajiye a sama?”

Ban ajiye komai ba. So nake in gani kawai.

Maigida ya ce in bi ta hannun mai unguwa, a nemo dattawan da za su shaida haihuwata, a hankali takarda za ta fito. Amma tafiya ta matso, ba za ta jira a hankali ba. Ya tara ma'aikatan gidan a tsakar gida ya tambaya ko akwai mai fasfo a cikinmu. Sai na ga ɗan baffana ya sa hannu a hammata. Aka kawo reza aka farke fatar nan da na daɗe ina yi wa ba'a, takarda ta fito lafiya lau, har da hotonsa yana zare ido. Wakilin Maigida ya kai ta Jidda aka buga mata hatimin fita.

Ni aka sa in koya masa gahawa. Ba zan manta da waɗannan kwanakin ba. Na nuna masa yadda ake suya a tsaya kafin ta yi duhu, da lokacin da ake zuba hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa, da yadda ake riƙe buta a hagu kofi a dama, ba a cika kofi sai ga wanda ake so ya tashi. Na koya masa tsakani da Allah, don in ta yi daɗi a ce koyarwata ce, in ta ɓaci ma sunana za a kira. Amma duk kofin da ya zuba daidai, sai in ji kamar daga jinina ya ɗiba. Shi kuwa sai cewa yake, “Yaya, ni fa tsoro nake ji. Da ma kai ne.” Wannan “da ma kai ne” ta fi komai ƙona mini rai.

Da suka dawo daga tafiyar farko ban bari ya cire takalmi ba. Na ja shi bayan madafa.

“Yaya tekun yake? Da gaske kore ne a gefe?”

Ya sosa ƙeya. “Wallahi Yaya ban buɗe ido ba. Tun da abin ya fara ruri na runtse, ina ta salati har muka sauka.”

Na tsaya ina kallonsa. An ba shi kujerar da nake mafarki, dab da taga, ya je ya rufe ido! Tafiya ta biyu ma haka, ta uku ya ce ya ɗan leƙa sai jiri ya ɗebe shi ya yi amai a hularsa. Da makaho aka ɗauka da na fi samun sauƙi, don shi ba laifinsa ba ne.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Wanda jiya ake aike sayen gawayi, yau in ya zauna a rumfar mai shayi sai a matsa masa wuri. Tsofaffi na tambayarsa ko ya ga inda ruwan sama yake taruwa, shi da bai ga komai ba sai cikin fatar idonsa. Mata suka sa masa suna Na-sama. Har innarmu, wadda ta haife ni, ta fara ajiye masa tsokar da ta fi girma, wai tafiya na cin jiki. Ya kawo mini tsarabar takalmi daga Masar, mai kyau kuwa, daidai ƙafata. Na yi godiya na tura shi ƙarƙashin gado. Ina ƙaunar yaron nan, bai taɓa yi mini komai ba sai ladabi, amma in na ji ƙarar jirgi ta wajen Jidda sai abinci ya fita raina.

Maganar takardata tana nan tana jan ciki. Yau mai unguwa ya yi tafiya, gobe ɗaya daga cikin shaidu ba shi da lafiya.

Sai wata tafiya Maigida ya tsaya a Sudan kan wani aiki, ya turo jirgin ya dawo da kaya, daga matuƙi sai ɗan baffana. A da, in sun sauka, fuskar Maigida ake gani a buga hatimi ba a ko buɗe shafi. Ran nan babu Maigida, sai jami'in filin jirgi ya zauna ya karanta takardar tun daga farko. Fasfon alhaji ne, na zuwa Hajji a koma, kuma wa'adinsa ya daɗe da wucewa. Ba shi da izinin zama. Tun ranar da aka buga masa hatimin fita, a wurin hukuma ya riga ya tafi. Doka kuma ta ce wanda ya kawo mutum irin wannan shi zai mayar da shi inda ya ɗauko shi. Wakilin Maigida ya yi ta kai da kawo, bai samu komai ba sai alfarmar a bari a kawo masa kayansa.

Innarmu ta ɗaure masa tufafinsa tana sharar hawaye, babanmu ya sa dabino da gorar zamzam a ciki. Ni na ɗauki ƙunshin zuwa Jidda da hantsi.

Ban taɓa shiga filin jirgi ba sai ranar. Na same shi zaune a inuwar wani ɗaki, askar na tsaye a kansa, idanunsa sun kumbura. Yana ganina ya fashe.

“Yaya, sun ce ba zan ƙara shiga Makka ba sai in na sake zuwa Hajji. Ko sallama ban yi da Ɗakin Allah ba.”

Na rarrashe shi da abin da ya zo bakina. Tausayinsa ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma idona yana kan jirgin da ke tsaye can cikin rana, ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, fari da ratsin shuɗi.

Matuƙin ya zo ya gaishe ni, shi ma ransa a ɓace. Ya yi wa askar magana, ya ce ƙunshin da nauyi, a bar ni in kai shi ciki. Askar ya ce in yi sauri. Muka taka tare, ni da ƙunshi a ka, ɗan baffana na bina yana jan hanci. Na hau ɗan tsanin na sunkuya na shiga. Ciki na warin mai da fata mai zafi. Na ajiye kayan a baya, na juyo, sai ga kujerar nan a bayan ta matuƙi, dab da taga. Ban nemi izinin kowa ba na zauna.

Ta fi yadda na zata tauri. Na kafa goshi a gilashi. Babu abin da ake gani sai yashi da wata tsohuwar ganga da ƙafafun askar, amma na buɗe idona iya buɗewa, na kalli gangar nan kamar ban taɓa ganin ganga ba. Matuƙin ya yi kamar yana duba agogunan gabansa, ya ƙyale ni.

Askar ya ƙwanƙwasa jikin jirgin da sandarsa. “Yalla, sauko. Kai ba ka da takarda.”

Na sauko. Ɗan baffana ya rungume ni a gindin tsani, ya jiƙa mini kafaɗa.

“Kai ka dace, Yaya. Kai ba mai fitar da kai. Ka yi mini addu'a a Harami.”

Na ce to. Ya hau ya zauna inda na tashi. Aka kore ni bayan shingen waya, farfela ta fara juyawa, ƙura ta tashi ta cika mini baki. Da jirgin ya juyo zai wuce ta gabana na hango shi ta taga, ya haɗa tafin hannu a ƙirji, ya runtse ido gam. Korarsa ake yi daga ƙasar, yana kuka, ni kuma ina riƙe da waya da hannu biyu, kuma da za a ce mu yi musaya a lokacin, da ban tsaya ko ɗaukar takalmina ba.