Buhun da Sabi'u ya bari a Durun

Da wannan daminar ƙanena Sabi'u ya cika shekara shida a ƙasa. Mota ce ta buge shi a kan babur, a hanyar Kabo zuwa Gwarzo, a tsakiyar marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Har yau in na ga samari suna bin gidaje da buhu suna neman tallafin abinci, sai in tuna da shi.

Shi ya fara wannan aiki a unguwarmu, shi da abokansa. Ina yi masa tsiya, ina cewa wanda ko lefe bai iya haɗawa ba shi ne zai ciyar da gari. Sai ya yi dariya, ya auni kwano biyu daga gerona ya wuce.

Sabi'u ya san akwai gidajen da gara su kwana da ruwa a ciki da a gan su a layin rabo. Don haka ya fito da dabara. Zai kai buhu ya ce wa maigida ajiya ce, ɗakinsa na yoyo. Bayan 'yan kwanaki ya koma ya ce ƙwari za su lalata hatsin, a taimaka masa a cinye. Maigida ya gane, shi ma ya gane, ba wanda ya kunyata. Ko abokansa ba ya faɗa wa gidan da ya kai.

Tsakanin zuwan farko da na biyu ajali ya same shi.

Da kakar wannan shekarar, muna zaune a zaure, sai ga wani dattijo, Baba Ilu daga wani ƙauye a Durun, da buhun dawa a kan jaki. Manomi ne da a da shi ke fitar da zakka a ba wasu, kafin ƙarfi ya ƙare, 'ya'yansa su tafi kudu su yi shiru. Ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya, ya ce ya kawo amanar marigayi, a sa a cikin gado. Ko ɗinkin bakin buhun ba a taɓa ba. Da na tambayi mutan gida, ya ce ai mai ɗakinsa, Inna Hanne, ta rasu tun kafin a yanke gero. Zazzaɓi ne, in ji shi. A wajenmu ba a cewa yunwa ta kashe mutum.

Na gaya masa gaskiya, cewa dawar tasa ce tun ranar farko. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar jana'izar Sabi'u.

Yau aikin ya girma. Samarin suna da riguna iri ɗaya, ana tara mutane a fili, ana ɗaukar hoto saboda masu bayarwa a Kano suna son shaida. Ba na zarginsu, yunwar bana ta fi ta wancan lokaci, kuma bakuna da yawa sun ci ta hannunsu. Amma na san da Sabi'u na nan, da ya tsaya gefe yana duba waɗanda ba su fito ba. Na kuma san dabararsa da yake alfahari da ita tana da ramin da bai hango ba.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abokansa na farko dai suna nan suna kai ajiya gidajen masu kunya, sai dai yanzu su biyu suke tafiya, don in ɗaya ya faɗi ɗaya ya koma.

Bana sun kai wa Baba Ilu. Suka fara maganar ɗaki na yoyo, ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"'Ya'yana, ku faɗa min tun kuna tsaye, na ci ne ko na ajiya? Na riga na binne mutum ɗaya da buhu a ɗaki."