Ranar da Na Tafi Ɗauko Yaya a Tunga

Babanmu ya rasu bayan sallar asuba, ana tsakiyar bazara, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ko zama ban yi ba balle kuka, sai Baffa, ƙanen Baba, ya ja ni zaure ya danƙa mini makullin mashin ɗinsa.

"Ka tai ka ɗauko yayarka. Muna jiranta har azahar. Da zahin ga ba a iya wuce haka." Ya damƙe hannuna. "Kul ka hwaɗa mata. Ka ce jiki ya tashi, shina son ganinta."

Haka ake yi a wurinmu. Wanda aka aika ɗauko mutum ba ya furta mutuwa, sai an iso gida, cikin dangi. Ga shi Yaya na da cikin wata shida, Baffa na tsoron kada ta yanke jiki ta faɗi. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ganin da za ta yi wa Baba a ɗaki kafin a fita da shi, shi ke nan nata.

Tana aure a wata tunga ta masunta a bakin tafkin Kainji, ƙasar Ngaski. Na bar Yelwa bakwai saura. Da na wuce Birnin Yauri na saki kwalta na kama burji, burjin ma ya ƙare, sai hanyar ƙafa mai yashi. Ruwa ya ja baya sosai, an nome inda ya bari da albasa, jirage na kife can nesa da gaɓa. Ina ratsa ƙauyuka mutane na ɗaga mini hannu, ban amsa wa kowa ba. Abin da zan faɗa nake ta maimaitawa a bakina don kada murya ta tona ni.

Tara da kwata na isa. Na tarar da Yaya tsugune gaban banda tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ja.

"Auta! Lahiya da sassafe haka?"

Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ta kafe ni da ido, ni kuwa na sunkuya ina taɓa tayar mashin kamar wani abu ya same ta.

"Ai jikin nasa kullum haka yake in zahi ya shigo," in ji ta. "Bari maigidan ya hito ruwa in sallame shi, sai mu tai."

Mijinta ya fita duba komarsa ta kamun kifi tun duku-duku, kuma matar aure ba ta kama hanyar gari don dubiya ba da saninsa ba. Na ce, "Yaya, mu bar masa sallahu mana." Ta ce, "Kai, ji min yaro! Don ba ka aje mace ba?"

Surukarta, wata tsohuwa mai fara'a, ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta kawo ruwa, ta kawo ɗumame da kifi. Ta zauna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗana, jikin dai da sauƙi ko?" Na ce da sauƙi. Ta sake tambaya. Na sake cewa da sauƙi. Wallahi duk sanda na tuna wannan zaman sai in ji kamar in mari kaina.

Goma ta yi. Goma da rabi. Na tashi na je bakin ruwa ina leƙe, duk jirgin da ya ɓullo in ce shi ne. Yaya kuwa hankalinta kwance, har da wanka, tana zaɓar wa Baba manyan kifaye tana jerawa a kwando. Na daka mata tsawa na ce wai ba za ta yi sauri ba ne? Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta juyo ta ce, "Mi ka damunka yau?" Na ce rana ce. Kalmar ta zo har bakina, na tuna cikin da ke jikinta, na haɗiye.

Sai sha ɗaya ta gota mijin ya iso. Ko jirgin bai gama ɗaurewa ba ya ce, "Haba, ai da kun yi tafiyarku."

Da ni kaɗai ne da na kai, sai dai ba a gudu da mai ciki a wannan hanya. Kowane rami sai ta ƙanƙame kafaɗata ta ce in yi a hankali. A wani wuri yashi ya riƙe taya, ta sauka ta taka, ni ina turawa, zufa na shiga mini ido. Tana bayana tana hira, wai in ta haifi namiji sunan Baba za a sa, za ta gaya masa yau ya ji daɗi. Na buɗe baki iska ta cika shi don kada ta ji abin da ke fita.

Muna dab da hawa kwalta na ji ladanin wani ƙauye ya kira azahar. Na murɗa mashin iya ƙarfinsa. Ta buga mini baya ta ce, "Kashe mu za ka yi?" Na rage.

Biyu da rabi muka shiga unguwarmu. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gida, maza a zazzaune, ƙafafunsu duk jar ƙasa. An dawo daga maƙabarta. Hannun Yaya ya saki kafaɗata.

Baffa ya taso ya tare mu. Ya ce sun jira har aka idar da salla, liman ya ce kada a ƙara. Na gaya masa jiran mijinta muka yi. Ya buɗe baki yana kallona.

"Ba ka gaya ma surukarta ba? Ita yayarka aka ce ka ɓoye ma! Babba ake ja gefe a sanar da shi, shi ya san yadda zai sallamo ku nan take."

Ashe abin da tsohuwar nan take nema ke nan da ta yi ta tambayata. Ban sani ba, ba a taɓa aikena irin wannan aike ba.

Yaya na tsaye riƙe da mashin, ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun asuba."

"Kana zaune kana kallona ina wanka."

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga zaure, mata biyu suka fito suka kama Yaya. Har ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Auta, da ka faɗa mini, ko takalmi ba zan tsaya sawa ba."